Lahadi Ɗaya Gare Ki, Wa Za Ki Ba?

"Ku turo ƙofar nan, kada yaran su jiyo mu," in ji Hajiya, ta miƙa wa Auta kofin shayi. "To, muna jin ki. Tun da kika shigo na ga akwai magana a bakinki."

A falon Hajiya muke, a Catford, wata Asabar cikin Disamba. Mun yi magariba tun wajen ƙarfe huɗu, don a watan nan rana kan faɗi da wuri a Landan. Ga masa a faranti, ga miyar taushe da aka yi da kabewar kasuwar Lewisham. Hajiya ta riga mu duka zuwa ƙasar nan. Malama tana koyarwa a wata firamare. Anti Nas daga aikin dare ta fito, ta ɗan runtsa ta taho. Maman 'Yan Biyu 'yar Maraɗi ce. Sai ni, sai Auta, Bakatsiniya, mai aiki a gidan kula da tsofaffi, wadda ita ce ƙaramarmu a shekaru da kuma a zaman Ingila.

Auta ta juya cokali a kofi ta ce, "Wallahi Hajiya kunyar faɗa nake ji. Akwai wata baiwar Allah 'yar garinmu, ita ta sauke ni da na zo. Ta shimfiɗa mini katifa a falonta, ta koya mini hawa bas, ta raka ni na buɗe asusun banki. Har abada ba zan manta alherinta ba. Lahadi ce kaɗai ranar hutuna, kuma can nake wuni. Amma duk ranar da na baro gidanta sai in dawo zuciyata a cunkushe. Nawa ake biyan ki a awa? Nawa kika tura gida? Wance ta sayi fili a Abuja, ke me kika ajiye? Wance mijinta zai ƙaro aure. Daga azahar har isha'i ba a zancen kowa sai wanda ba ya wurin. Shekaranjiya kuma Inna ta bugo mini daga Katsina tana kuka, wai ta ji an rage mini awannin aiki, ina cikin wani hali. Mutum ɗaya tak na faɗa wa maganar nan."

"Innalillahi," in ji Malama a hankali.

"To ya zan yi? Ta yi mini rana, ni kuma in yi mata dare?"

Ba wadda ta yi saurin amsawa, don kowace a cikinmu ta san irin gidan da ake nufi. A gida mace ba ta cika zaɓen waɗanda take zama da su ba. Buɗe ido take ta tarar da su: 'yan uwa, 'yan unguwa, matan gida, waɗanda aka yi makarantar allo tare. Da yake suna da yawa, in wata ta ɓata miki rai da hantsi, kafin la'asar wata ta wanke miki shi. A nan lissafin daban ne. Mutanen ƙaramar hukumar Lewisham sun ɗan haura 300,000 a ƙidayar 2021, amma sai mace ta yi mako cur ba wanda ya kira sunanta daidai. Ta fita da duhu, ta dawo da duhu, ta gaisa da direban bas da mai kanti, shi ke nan. Su kansu masu ƙasar abin ya dame su, har gwamnatin Theresa May ta naɗa minista a kan matsalar kaɗaici a Janairun 2018. Macen da ke da ranar hutu ɗaya, duk wadda ta ba wa ranar nan ta ba ta makonta gaba ɗaya, domin abin da aka zuba mata a kunne ran Lahadi shi za ta yi ta juyawa a ranta a cikin bas har wata Asabar.

Hajiya ta gyara zama. "Ke Auta, wa ya ce miki zaɓen ƙawa butulci ne? Ko kin ɗauka al'adar Turawa ce? A zamanin iyayenmu ƙawance ƙulla shi ake yi, ba tsintar sa ake yi a hanya ba. Mace za ta daɗe tana lura da wata a gidan biki da gidan suna: yadda take riƙe bakinta, yadda take da surukarta, abin da take faɗa in an taso da zancen wadda ba ta nan. In ta gamsu sai ta tura 'yar aike da goro. In waccan ta karɓa, an zama ƙawaye, kuma kowa ya sani. Ranar bikinki ta kawo gudummawa, ranar nata ki ninka mata. In an yi miki rasuwa ita ce a gefenki har a share makoki. Mahaifiyata duk unguwa tana gaisawa da kowa, ba gidan da ba ta shiga barka ko jaje, amma ƙawayenta na ƙwarai ba su wuce uku ba har ta koma ga Allah."

"Allah ya jiƙanta," muka ce.

"Har a rubuce akwai shi, Hajiya," in ji Malama. "Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954, ta yi bayanin ƙawayenta, da yadda babbar mace kan ɗauki yarinya ta zama ƙanwar ranarta, ta riƙa yi mata hidima tana ba ta shawara. Matan da ba sa fita ko'ina ke nan fa, amma ba su bar abin ga sa'a ba. Kuma wani masani a Oxford, Robin Dunbar, ya ce mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa da su ba su cika wuce 150 ba, na jikinsa sosai kuwa wajen biyar ne. Kun ga gurbin kaɗan ne. In wadda ba ta dace ba ta zauna a ɗaya, wata ta rasa wurin zama."

Anti Nas ta ajiye cokalinta. Ita ba ta cika dogon zance ba, shi ya sa in ta fara kowa ke yin shiru.

"Ni abu ɗaya nake dubawa: wa zai iya faɗa mini abin da ba na son ji? Kun tuna lokacin da aka buɗe bizar aikin kula da tsofaffi, a Fabrairun 2022, yadda kowa ya rikice? Akwai wata da na sani, ƙanwarta ke son zuwa. Ƙawayenta na guruf ɗin WhatsApp suka yi ta zuga ta: akwai wani mai hanya, a ba shi kuɗi ya samo takardar ɗaukar aiki, wance ma ta nan ta bi. Kullum da safe addu'o'i da hotunan fulawa, Allah ya sa a dace 'yar uwa, alheri na nan tafe. Mutum ɗaya ce ta ce mata a'a, wata dattijuwa 'yar Gana da suke aiki tare. Ta ce kada ki ba da ko kwabo, takardar nan ba ta sayarwa ba ce, kamfanin da zai ɗauki mutum shi ke bayar da ita. Ta ji haushin matar nan, har ta ce baƙin ciki take yi mata. Aka sayar da fili a gida aka tura kuɗi. Yarinya ta iso, aiki babu. Daga baya hukuma ta soke lasisin kamfanin, aka ba ta kwana 60 ta samo wani mai ɗaukar nauyinta ko ta bar ƙasar. A cikin masu fulawar nan ko ɗaya ba ta ɗaga waya ba. 'Yar Ganar ce ta riƙa zuwa bayan ta tashi aiki, ta zauna da su a kan kwamfuta suna cike takardun neman aiki har tsakar dare, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa miki ba."

"Ta samu dai?" in ji Auta.

"Ta samu, da ƙyar. Yanzu ma ƙofar a rufe take. Tun Maris 2024 aka hana masu bizar zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sababbi daga waje. Amma masu zugar suna nan daram, sun koma tallar wata hanyar."

Na daɗe da lura cewa mu mata mun fi saurin yafe wa wadda ta cuce mu da daɗin baki a kan wadda ta taimake mu da magana mai ɗaci. Ƙawar da duk abin da kika kawo sai ta ce ya yi, ko dai ba ta saurare ki ba, ko kuma bai dame ta ba in kin faɗa rami. Zama da ita akwai daɗi, ban musa ba. Amma a garin da kuskure ɗaya a takarda kan iya tayar da zaman mutum na shekaru, daɗin nan yana da tsada.

Maman 'Yan Biyu tun ɗazu ba ta ce uffan ba, tana ta naɗe gefen mayafinta a yatsa. Can ta ɗago.

"Ni fa maganar nan tsoro take ba ni. Kullum a waya sai ka ga ana cewa ka rabu da duk mai jawo maka damuwa, ka nemi masu fara'a ka zauna da su. Shekarar da Baban 'Yan Biyu ya rasu, wace fara'a gare ni? Duk wadda ta zo gidana a Downham kuka za ta tarar. Magana ɗaya nake ta maimaitawa, yadda ya ce mini kansa na ciwo, yadda na ce ya sha magani ya kwanta. Na san na gundure ku. Da kun bi waccan shawarar, ai ni ce ta farko da za ku yar."

Dukkanmu mun tuna shekarar. Hajiya kan hau bas mai lamba 136 daga Catford da fulas ɗin kunun gyaɗa a jaka. In ta shiga ba ta wa'azi, ba ta cewa ki yi haƙuri fiye da sau ɗaya. Ta cire mayafi ta rataye a bayan ƙofa, ta naɗe hannun riga, ta wanke kwanukan da suka kwana a kicin. Ta zaunar da 'yan biyun a tsakanin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta tsefe musu kai, ta shafa mai, ta yi musu kitson da zai kai su mako biyu a makaranta. Uwarsu tana kan kujera tana ba da labarin da ta bayar a makon jiya, Hajiya na cewa "na'am, ina jin ki," da tsinken kitso a bakinta. Wasiƙun da suka taru a ƙofa ba a buɗe ba, na haya da na wuta da na makaranta, Malama ce ta kwashe su a leda ta tafi da su gida, ta dawo da su a jere, kowace da abin da za a yi a rubuce a bayanta.

Hajiya ta kama hannunta. "Ƙanwata, saurara. Kin taɓa tambayata nawa Alhaji ke samu? Kin taɓa ɗaukar maganata ki kai gaba? Nauyi kika ɗora mana, gaskiya ne, kuma nauyin nan haƙƙinki ne a kanmu. In na baro gidanki a gajiye nake dawowa. Amma ban taɓa dawowa ina jin haushin mijina ba, ban taɓa dawowa ina raina abin da Allah ya ba ni ba. Hasali ma na kan shigo gidan nan in rungume 'ya'yana. Ita kuwa Auta daga gidan dariya take fitowa, an ci an sha, amma ta dawo tana ganin kanta ba kowa ba. Kin ga bambancin?"

Maman 'Yan Biyu ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi.

A ganina nan gizo ke saƙar, kuma nan ne masu ba da shawara a waya suke ɓatar da mutane. Sun mayar da abin kamar neman wanda zai riƙa faranta maka rai, alhali mara lafiya da mai takaba da wadda aka kora daga aiki ba su da abin faranta ran kowa, kuma su ne suka fi cancantar a je musu. Abin dubawa shi ne wace irin mace kike zama bayan kin tashi daga wurin mutum. Kin tashi da ƙarfin yin abin da ya dace, ko kin tashi da hassada da zargi da jin kin yi baya? Bakinki ya ƙara tsabta ko ya ƙara kaifi? Malama ta tuno mana hadisin nan na mai sayar da turare da maƙeri, wanda kowa ya sani tun yana yaro, ta ce mu lura ba a ce mai turaren yana dariya ba, ba a kuma ce maƙerin fuskarsa a murtuke take ba. Abin da ke manne wa tufafin mutum bayan ya tashi, shi aka duba.

"Kuma hali naso yake yi ko mutum bai sani ba," ta ci gaba. "Wasu masana biyu a Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, sun bi bayanan mutum fiye da 12,000 na garin Framingham na tsawon shekara talatin da wani abu. A 2008 suka fitar da cewa in abokin mutum ya daina shan taba, yiwuwar shi ma ya ci gaba da sha tana raguwa da kashi 36 cikin ɗari. Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni a aji nake gani. Yaro zai zo da wata kalma, in ka bincika ba a titi ya ji ta ba, a falon gidansu ya ji, daga bakin baƙin uwarsa. Muna ta tsoron abokan 'ya'yanmu, ba mu duba namu da suke ji suna gani."

Auta ta numfasa. "To Malama ina zan same su? Hausawan da na sani a garin nan ba su kai cikin hannu biyu ba. Ba kamar Yarabawa ba, da in ka je Peckham sai ka rantse a Legas kake."

"Wa ya ce sai Bahaushiya?" in ji Hajiya. "Harshe ɗaya ba ya sa hali ya zama ɗaya. Da na zo ƙasar nan, wadda ta riƙe ni wata maƙwabciyata ce 'yar Jamaika, Kirista, mai zuwa coci kowace Lahadi da hularta. Ita ta fara lura ba na fitowa. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in sa riga mai kauri ta kai ni kasuwar Deptford in ga inda ake sayar da doya da busasshen kifi. Da azumi ya zo, ita ke ɗauko mini yaro daga makaranta don in samu in yi girkin buɗa-baki. Ita ta sa ni a adashinsu, don su ma suna yi, irin namu sak, da uwar adashi da ranar zubi da ranar kwasa. Da shi iyayensu suka sayi gidaje a lokacin da banki ba ya ba baƙar fata bashi cikin sauƙi. Kuma ba kowa suke sakawa ba. Sai an san ki, an san inda kike kwana, wata ta tsaya miki."

Daga bakin matar nan Hajiya ta ji tarihin unguwar, mu kuma muka ji daga bakin Hajiya. Yadda a ranar 13 ga Agusta 1977 'yan National Front masu ƙin baƙi suka yi yunƙurin yin maci daga New Cross zuwa tsakiyar Lewisham, dubban mutanen gari, fari da baƙi, suka fito suka tare musu hanya. Yadda a daren 18 ga Janairu 1981 gobara ta tashi a wani gida a New Cross Road ana bikin zagayowar ranar haihuwa, matasa baƙaƙe 13 suka rasu. Da kuma Sybil Phoenix, 'yar Guyana, wadda ta riƙi 'ya'yan mutane masu yawa a gidanta, ta kafa wa matasa wurin taruwa mai suna Moonshot, aka ƙone shi a 1977, ta tsaya kai da fata sai da aka sake gina shi. 'Yarta ta rasu a haɗarin mota, sai ta buɗe gidan saukar 'yan mata marasa matsuguni a Brockley da sunan 'yar, Marsha Phoenix. Matar da ta ga irin wannan baƙin ciki ba za a ce kullum cikin fara'a take ba, amma dubi yawan waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu saboda sun zauna kusa da ita.

"Ai ga Nubia Way nan kusa da ke, Maman 'Yan Biyu," in ji Malama. "Kin san gidajen katakon nan 13? Waɗanda suka fara zama a ciki su suka gina su da hannunsu, a shekarun 1990. Wata ƙungiyar baƙaƙen fata ce mai suna Fusions Jameen. Sun bi tsarin wani mai zanen gine-gine, Walter Segal, wanda tun kafin nan aka gina Walters Way a Honor Oak da dabararsa, yadda wanda bai taɓa riƙe guduma ba zai iya tayar da gida. Aikin gayya ne sosai. Mutum ya tashi daga wurin aikinsa ya zo ya kama na gini, Asabar da Lahadi duk a can. An sha kai musu hari, har da cinna wuta, ba su watse ba. Ki yi tunanin irin mutumin da za ki yarda ya riƙe miki tsani kina kan rufi. Ba ruwanki da iya hirarsa. So kike ki san zai zo ran da ya ce zai zo, kuma ba zai saki ba don waya ta yi ƙara."

Anti Nas ta ce ita ma ta ga irin haka da idonta a 2013, lokacin da ministan lafiya Jeremy Hunt ya so rage sashen gaggawa da na haihuwa a asibitin Lewisham. Dubban mutane suka yi tattaki cikin sanyin Janairu, aka kai gwamnati kotu, a Yuli babbar kotu ta ce ministan ya wuce hurumin da doka ta ba shi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Oktoba. "Ƙawayena biyu na yanzu a wurin raba takardu a bakin kasuwa na same su. In kina neman mutanen kirki, je ki inda ake aikin da ba a biya. Wurin raba abinci ga mabuƙata, sharar masallaci kafin Juma'a, taron iyayen yara a makaranta. Mai gulma ba ta daɗewa a irin wuraren nan, don hannu a cike yake."

"Na ji duk wannan," in ji Auta. "Amma ita baiwar Allahn nan fa? In daina zuwa?"

"A'a," in ji Hajiya da sauri. "Ban ce ki yanke ta ba, Allah ya kiyaye. Alherin da ta yi miki bashi ne, kuma za ki biya shi da alheri. Ran salla ki je mata da abin hannu. In ta kwanta ciwo ki riga kowa zuwa. In baƙuwa ta sauka a wurinta ki kai katifa. Amma katifar da ta shimfiɗa miki ba ta sayi sirrinki ba, ba ta kuma sayi dukkan Lahadinki ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ta ce nawa ake biyan ki, ki ce alhamdulillahi ana rufa asiri. In an ɗauko zancen wance, ki ce Allah ya kyauta, ki tambaye ta yadda take haɗa yajinta. In abin ya ƙi, ki duba agogo ki yi sallama cikin mutunci. Awa ɗaya ta isa gaisuwa."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ni kuwa tausayinta nake ji. Wa ya sani ko ita ma kaɗaicin ne ya mayar da ita haka? Mace in ba ta da abin faɗa a kan rayuwarta, ta wasu take ɗauka. Me zai hana Auta ta zo mana da ita nan wata Asabar?"

"Ban yarda ba," in ji Anti Nas. "A ɗakin nan kika faɗi abin da ko 'yan uwanki na Maraɗi ba su sani ba. Wadda ta kai magana Katsina za ta kai ta Maraɗi."

"To a bar ta ke nan har abada?"

"Ban ce har abada ba. A fara da wurin da ba a buɗe ciki. In za mu kai yara gidan tarihi na Horniman a Forest Hill, a gayyace ta. In ana aikin abincin suna, a kira ta ta kama. A ga yadda take in hannunta na aiki. Falon nan kuwa sai an ga kamun ludayinta."

Ba su daidaita ba, Hajiya kuma ba ta raba gardamar ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Anti Nas, ko da yake na san dalilin da ya sa Maman 'Yan Biyu ta faɗi abin da ta faɗa: wadda aka taɓa ɗauka lokacin da ba ta iya tafiya ba ta son ganin an wuce kowa a hanya. Sai dai amanar da ke cikin ɗakin nan ba ta mutum ɗaya ba ce da za ta yi kyauta da ita. Shekaru aka yi ana tara ta, kuma dare ɗaya ya isa a zubar.

Anti Nas ta fara haɗa jakarta, don gobe da yamma za ta koma aiki. Ta dubi Auta. "Gobe ƙarfe goma ina zagaya Ladywell Fields, ta bakin rafin nan. Ki sa takalmi mai kauri, akwai taɓo. In mun gama mu wuce gidana mu karya."

"Zan zo, Anti."

"Kuma in kin yarda, sai fa in kin yarda, ki taho da takardun albashinki na 'yan watannin nan da takardar da aka ɗauke ki aiki da ita. Mai irin bizarki akwai awanni da albashin da aka rubuta za a ba shi, ba a rage su haka kawai. In na ga abin bai yi daidai ba, ran Litinin sai mu buga wa Citizens Advice na nan Lewisham, shawararsu kyauta ce. Ki haɗo har da saƙon da manajan ya turo miki a waya, kada ki goge shi."